Tsuntsun Sibiriya a bakin Binuwai?

Daga Garwa: Malamai, ana ta cewa an ga ɗan tsuntsun nan na yankin Sibiriya a Rasha, mai gira ruwan ɗorawa, a bakin kogin Binuwai. Yaya ake tabbatarwa?

Daga Marwa: Ɗan'uwa, wannan tsuntsu kudu maso gabashin Asiya yake zuwa cin rani, nauyinsa wajen giram 6. Galibi ƙananan da ba su taɓa tafiyar ba ne ke ɓata hanya. Ɗauki hotonsa ta gefe, ka duba layi biyu masu haske a fiffike. In babu su, mai yiwuwa cikin baƙin tsuntsayen Turai ne da muka saba gani.

Daga Kuseri: Hazo yana ɓata launi a hoto, Malam. Naɗi kukansa da waya da sassafe, ka rubuta rana da wurin. Kada yara su ɗana masa danƙo, gashin fiffike yake tugewa.