"Jiki magayi": mai hawan jini zai iya kafa hujja da ita?

Baban Khadija:
Assalamu alaikum. Ina neman fahimtar masana a kan karin maganar nan, "jiki magayi". Yayana ya haura shekara hamsin, ya yi teɓa sosai, likita ya ɗora shi a kan maganin hawan jini, ya ce kullum ne. Shi kuwa sai ranar da kansa ya sara ko ya ji jiri yake sha. Da an yi masa magana sai ya ce jiki magayi, in jinin ya hau ai zai ji. Haka ake amfani da ita?

Malamin Hausa:
Wa alaikumus salam. Yadda muka ji a bakin manya, ana faɗarta ne a kan wanda aka yi wa nasiha ya ƙi. Yaro ya nace da wasa da wuta, an hana an hana, sai a ce a ƙyale shi, jiki magayi. Wato abin da kunne ya ƙi ji, jiki zai ji. 'Yar uwar "wanda bai ji bari ba ya ji hoho" ce. Jikin yana ba da labari ne bayan aikin gama ya gama. Yayanka ya ɗauki maganar da ya kamata a gargaɗe shi da ita, ya mayar da ita garkuwa.

Ɗan Kurmi:
Allah ya gafarta Malam, ban ƙi taka ba, amma karin magana ba fuska ɗaya gare ta ba. Mu a kasuwa muna faɗarta in mutum ya ji gajiya ko zazzaɓi na tafe. Ni ma ina da hawan jinin nan, kuma in ya tashi ƙeyata nauyi take yi. Mutum ya fi kowa sanin jikinsa.

Anti Nas:
Alhaji, don Allah kada ka dogara da ƙeyar nan. A asibiti nake aiki. Mutum zai rako mara lafiya, garau da shi, a ce bari a gwada shi, sai a tarar awon jininsa ya hau har 170/100. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan rabin manyan da ke da hawan jini ba su ma san suna da shi ba. Ciwon kai kuwa rana na kawo shi, rashin barci na kawo shi, yunwa ma haka. In awo ya kai 140/90 ko ya wuce a ranaku biyu daban-daban, hawan jini ne, ko da mutum bai ji komai ba. Shekaru yake ɗauka yana ɓarna a ɓoye. Zuciya ta yi ta turo jini da ƙarfi har naman ta ya yi kauri ta fara gazawa, ƙoda ta lalace, jijiyoyin ido da na ƙwaƙwalwa su raunana. Da yawa alamar farko da suke gani ita ce shanyewar ɓarin jiki. Maganin kuma ba warkarwa yake ba, riƙe jinin yake yi, an daina sha ya koma sama.

Maman Sadiq:
Ni inda abin ke damuna daban ne. Mu mata mun ba maganar nan wata ma'ana. Amarya ta yi ƙiba, sai a ce jiki magayi, hutu ya bayyana. Wadda ba ta yi ba a ce miji ba ya kula da ita. Shi ya sa wasu ke shan ƙwayoyin nan na "sha ka fashe". Maza ma tumbi ya fito a ce arziki ya zauna. To ga shi jikin ya faɗi gaskiya ƙiri-ƙiri, mu ne muke yi masa wata fassara.

Anti Nas:
Wallahi Hajiya kin taɓo wajen. Cikin ƙwayoyin da ake sha don ƙiba akwai dexamethasone, yana tara ruwa a jiki, yana ɗaga jini da suga. Kitsen ciki kuma shi ya fi haɗari ga zuciya. A ɗauki tef ɗin tela a auna ƙugu daidai cibiya, bai kamata ya wuce rabin tsawon mutum ba. Sai gishiri: ƙasa da giram 5 a yini, wajen ƙaramin cokali ɗaya, kuma dunƙulen Maggi da kanwa da yajin tsire duk suna cikin lissafin.

Ɗan Kurmi:
Awon na yarda da shi, zan riƙa yi. Amma a kan ma'ana ina nan a kan bakana, Malam. Ai tumbin da Hajiya ta ambata ma jiki ne ya gaya tun kafin ciwo ya kayar da mutum.

Malamin Hausa:
Na karɓi wannan, Alhaji. Sai dai tumbi ido ke ganinsa, yayan Baban Khadija kuwa ciwo yake jira.

Baban Khadija:
Na gode ƙwarai. Akwai na'urar awo a kemis ɗin unguwarmu, zan ja shi mu je ranar da ya ce lafiyarsa ƙalau.

Anti Nas:
Ya zauna ya huta minti 5 tukuna, hannu a kan tebur, ban da surutu lokacin awon. Ku rubuta lambar ku kai wa likitansa. In kuwa ka taɓa ganin bakinsa ya karkace, ko hannu ya yi sanyi ya kasa ɗagawa, ko magana ta sarƙe, ku wuce asibiti nan take, kada a tsaya jiƙe-jiƙe.