Me ke kifar da ƙaramin jirgi a kwanar ƙarshe kafin sauka?

Ɗalibin tuƙi:
Assalamu alaikum malamai. Inji lafiya lau, gari garau, ga titin sauka a gaba, amma sai a ji jirgi ya kife a kwanar ƙarshe. Ƙarancin gudu ne kawai ke jawo haka?

Mai koyarwa:
Wa alaikumus salam. Ba gudu kaɗai ba ne. Fiffike yana daina ɗaukar jirgi, wato sitol, idan kusurwar da yake tarar iska da ita ta wuce iyaka, wajen digiri 16.

Yawanci daga iska abin yake farawa. Ta turo jirgin ta baya kafin kwanar, ya zarce layin titi. Matuƙi yana tsoron ƙara karkata kusa da ƙasa, sai ya danna fedar da ke ɓangaren kwanar, wato matakin ƙafa mai juya hancin jirgi hagu ko dama, don ya janyo hancin. Fiffiken ciki, wato na ɓangaren kwanar, ya rage gudu ya sunkuya, hanci ya yi ƙasa. Sai ya murɗa sitiyari ɗaya ɓangaren, ya kuma ja shi baya. Nan take fiffiken ciki zai saki, jirgin ya kife ya shiga juyin katantanwa. Tsayinsa a lokacin bai fi ƙafa 500 ba, fita daga juyin kuwa kan ci kusan ƙafa 1,000.

Tsohon kyaftin:
Malam ya gama magana, lissafi kawai zan ƙara. Idan ka riƙe tsayinka a kwana, karkatar digiri 45 tana ɗaga gudun sitol, wato gudun da fiffike ke saki a kansa, da kashi 19 cikin 100, ta digiri 60 kuma da kashi 41. Ƙaramin jirgi Cessna 172S mai yin sitol a not 40 (not ma'aunin gudun jirgi ne) da cikakken filaf (marfin bayan fiffike da ake saukarwa lokacin sauka), a digiri 60 sai ya haura 56. Don haka kada ka wuce digiri 30, kuma ƙwallon nan na cikin gilashi a gaban matuƙi, mai nuna ko jirgi na zamewa gefe, ya zauna a tsakiya. Ya fita gefe, taka fedar wannan gefen.

Mai koyarwa:
Haka ne, ranka ya daɗe. Ɗalibi, da zarar ka ga ka zarce layi, fasa saukar. Daidaita fukafukai, ba inji wuta gaba ɗaya, mayar da filaf digiri 20, sauran a janye a hankali bayan gudu ya ƙaru. Hattara a nan: tirim ɗin da ka saita don sauka, wato na'urar da ke rage maka nauyin ja ko tura sitiyari, zai ɗaga hanci da ƙarfi, dole ka tura sitiyari gaba, ka taka fedar dama. Ƙahon gargaɗin sitol kuma duk inda ya yi kuka, sassauta jan sitiyari tukuna kafin ka taɓa komai.