"Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai": ya hau kan maƙwabcin da ba addininku ɗaya ba?

Malamar Hausa:
Salamu alaikum jama'ar zaure. Ga na wannan makon: "Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai." Iyaye na jefa wa yaro shi in ya fara yawo da 'yan shaye-shaye, wannan ba gardama. To amma yanzu in an ga Musulmi ya shaƙu da Kirista, ko Kirista da Musulmi, ko ɗan birni yana yawan shiga ƙauyen Maguzawa, nan ma sai a ɗauko shi. Ya zauna daidai a nan, ko an ɗora masa kayan da ba nasa ba?

Baba Mai Kanwa:
Wa alaikumus salam Malama. A fara da kanwar tukuna. Daga Borno da ƙasar Manga da gefen tafkin Chadi fatake ke kawo ta, in ta iso kasuwa 'yan dako su sauke. Akwai fara, akwai ja, akwai ungurnu. Mai garin cikinsu ko buhu bai huje ba sai ta yi ta fesar da ƙura, wanda ya jera da ɗan dakon kafin a kai rumfa kansa da kafaɗarsa sun yi fari. Amma maɗaukin nan ba ɓarawo ba ne, sana'arsa yake, kanwar kuma ba ƙazanta ba ce. Da ita ake kaɗa miyar kuɓewa, a kwaɓa ɗanwake, a jiƙa wa dabbobi. Abin da magabata suka ce kawai shi ne duk wanda ka kusanta, abin da yake ɗauke da shi zai taɓa ka.

Alaramma na Tudu:
To ai nan ne gizo ke saƙar, Baba. Zai taɓa ka. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya kwatanta abokin zama nagari da mai almiski, mugu kuma da mai zuga wutar maƙera: ko ya ƙona maka tufa ko ka kwashi wari. Yaron da ke kwana yana tashi cikin mutanen da ba sa salla, yau ya jinkirta azahar don kunya, gobe ya haɗa ta da la'asar. Ba wanda ya ce masa ya bari, zaman ne ya ci shi. Ni a wurina karin maganar ya hau.

Malamin Zaure:
Allah ya gafarta Malam, hadisin ya raba abokan zama ne ta hali, kuma mai zugar yana iya zama wanda kuke sahu ɗaya da shi. Ga aya ta 8 a Suratul Mumtahana: Allah bai hana kyautatawa da adalci ga waɗanda ba su yaƙe ku saboda addini ba, ba su kuma fitar da ku daga gidajenku ba. Asma'u 'yar Abubakar ta tambayi Annabi (SAW) game da mahaifiyarta da ta zo mata tana mushirika, ya ce ta sada zumunci da ita. Annabi (SAW) ya rasu sulkensa na jingine a wurin Bayahude kan sa'i 30 na sha'ir. An wuce da gawar Bayahude ya miƙe tsaye, da aka gaya masa ko ta wane ne ya ce ashe ba rai ba ne? Ciniki, maƙwabtaka, gaisuwa, duba mara lafiya, duk ƙofa a buɗe take. Inda aka ja layi shi ne shiga ibadar wani, da aurar masa da 'ya Musulma.

Ɗan Wusasa:
Salama gare ku. Kada Alaramma ya ɗauka su kaɗai ke jan wannan karin magana, mu ma a coci ana jan sa, har a haɗa da 1 Korintiyawa 15:33, inda aka ce zama da miyagu yana ɓata halin kirki. Sai dai wanda ya kawo wannan ya kamata ya kawo Romawa 12:18, mai cewa a zauna lafiya da kowa iyakar iyawa, da labarin Basamariye a Luka sura 10, wanda ya tsaya ya ɗaure wa baƙo rauni bayan firist ya ratse ya wuce. Tun 1929 mishan ɗin Likita Mila, Baturen nan mai wa'azin Kirista, ya koma Wusasa daga cikin birnin Zariya. Akwai zuri'ar da wa Musulmi ne ƙane Kirista, suna ɗaya, biki ɗaya, makoki ɗaya, kuma kowa na kan addininsa har jikoki. In da farin kan nan shiga zuciya yake yi, da tuni ɗaya ya haɗiye ɗaya.

Hajiya Uwar Marayu:
Ku maza kun tsaya kan ayoyi, mu a tsakar gida a kwano rigimar take. Ranar Kirsimeti maƙwabciya ta aiko da shinkafa da kaza da cincin. Abu uku ake dubawa: wa ya yanka, an sa giya a girkin, tukunyar ta taɓa naman alade? Shi ya sa Kiristoci da yawa a Kaduna da Jos ke kiran mahauci Musulmi ya yanka musu, don kowa ya ci hankali kwance, wasu har tukunya dabam suke ajiyewa. Inda ake ɓata lamari shi ne a karɓa da murmushi a zubar a bola. Yara ne ke kai shara, yaran maƙwabta na gani, kafin magariba magana ta koma. In ba za ki ci naman ba, ɗauki cincin da lemo, ki gaya mata dalili da bakinki tun kafin bikin, ki kuma mayar da kwanon da wani abu a ciki. Kwano ba ya komawa wayam.

Malamin Zaure:
Hajiya ta yi daidai. Aya ta 5 a Ma'ida ta halatta abincin Ahlul Kitabi, malamai sun ce yankansu ake nufi, muddin dabbar halal ce kuma yankawa aka yi, ba maƙurewa ko bugewa ba. Yankan Bamaguje bai shiga ciki ba, amma tuwonsa da hatsinsa da nonon shanunsa ba komai. Ta'aziyya kuma a je. A ce "Allah ya ba ku haƙuri, ya raya abin da ya bari." Nema wa mamacin gafara ne aya ta 113 a Tauba ta hana. Da yawa don tsoron kada bakinsu ya suɓuce sai su ƙi zuwa ɗungurungum, maƙwabci kuma ba ya manta wanda bai taka ƙofarsa ba ranar da ya yi rashi.

Ɗan Wusasa:
Mu ma muna da irin wannan a kan naman Salla. 1 Korintiyawa sura 10 ta ce in wanda ba mai bi ba ya gayyace ka, ka ci abin da aka ajiye maka ba tare da bincike ba, sai in an ce maka hadaya ce. Wasu na cewa layya hadaya ce, su ƙi. Wasu na cewa ga Allahn Ibrahim aka yanka, su ci har su nemi ƙari. Wanda ya ƙi, ba lallai ƙiyayya ba ce.

Ɗan Damagaram:
Ni wani karin maganar zan jefo: "Kowa da kiwon da ya karɓe shi, maƙwabcin mai akuya ya sayi kura." Ana kawo rabin farko a ce kowa ya yi addininsa, a manta rabin ƙarshe ba'a ce. Lasifikar da ake kwana da ita a kan katangar wani, ko ta wa'azi ce ko ta addu'ar dare, da tare babbar hanya ranar Juma'a ko Lahadi ba a bar wa mai ɗauke da mara lafiya wurin wucewa ba, da wa'azin da rabinsa zagin na ƙetaren titi ne, wannan kura ce. An'am aya ta 108 ta hana zagin abin da wasu ke bauta wa, don kada su rama da zagin Allah. A watan Janairun 2015 an ƙona coci-coci a Damagaram da Yamai kan zanen ɓatanci da wata jarida ta buga a Faransa. Waɗanda aka ƙona wa ba su san mai zanen ba.

Malamar Hausa:
Akwai kuma abin da rashin zaman ke kawowa. Bayan rikicin shekarar 2000 Kaduna ta rabu, akasarin Musulmi arewa da kogi, akasarin Kiristoci kudu. Yaron da ya tashi bai taɓa cin kwano ɗaya da na ɗaya ɓangaren ba, duk abin da aka tura masa a WhatsApp gaskatawa yake. A Yunin 2018 kuwa, Liman Abubakar Abdullahi na Nghar Yelwa a Barikin Ladi lokacin da aka kai hari yankin, ya ɓoye mutane sama da 200, akasarinsu Kiristoci, a masallaci da gidansa. Mutanen da suka daɗe suna cin kasuwa ɗaya da shi ne.

Alaramma na Tudu:
Abin da Liman ya yi ba mai ja, ceton rai wajibi ne. Amma shi dattijo ne da ya san addininsa. Ni a kan ɗan shekara 12 nake magana, kuma ban janye ba: a bar shi ya yi wasa da kowa, amma uba ya san inda yake in an kira salla. Sannan a yi hattara da naman layya. A Muhtasar na Halil, littafin fiƙihun Malikiyya, an lissafa ciyar da wanda ba Musulmi ba daga layya cikin makaruhai, mu kuma Malikawa ne.

Malamin Zaure:
Haka ne Alaramma, makaruhi aka ce, ba haram ba, Hanafawa da Hambalawa kuma sun halatta. Abdullahi ɗan Amru in an yanka akuya a gidansa tambaya yake ko an kai wa maƙwabcinsu Bayahude. Wanda ke son fita daga saɓani ya sayi kilo biyu a wurin mahauci, a soya a kasko dabam, a haɗa da waina da miyar taushe a aika.

Hajiya Uwar Marayu:
Kilo biyu a tsadar nan, Malam? Kaza ɗaya ta isa. A dai aika tun ranar Salla da rana, kada a bari sai kwana na uku da mai ya fara daskarewa a kan naman.