Na biyunmu a cin maki ya ce zai tafi: wa ya taɓa shiga irin wannan?

Kyaftin na Agege:
Salamu alaikum jama'a. Muna da 'yar ƙungiyarmu ta ƙwallon kwando a nan Agege, samarin unguwa ne, kowa da sana'arsa, sai yamma mu haɗu. Akwai wani dogo a cikinmu, shi ke ɗauke mana wasa, duk wanda ya taɓa karawa da mu ya san shi. Mai bi masa wani siriri ne, gwanin jifan maki uku. To siririn nan ya ce zai koma wata ƙungiya a Yaba, wai can an yi masa alkawarin shi za a riƙa nema da ƙwallo, ga kuɗin mota. Dogon kuma ya ce a rabu da shi, Allah raka taki gona. Ni ke riƙe da asusu, abin da ke ciki bai taka kara ya karya ba. In lallashe shi ko in ƙyale shi? Wanda ya gani da idonsa nake son ji.

Tsohon Ɗan Wasa, Obalende:
Wa alaikumus salam Kyaftin. Mu mun ƙyale namu ya tafi, bari in gaya maka yadda ta kaya. Da farko ba mu ji komai ba, har muna cewa ashe dama cika mana benci yake yi. Sai da ƙungiyoyin da muke haɗuwa da su a Rowe Park suka gano mu. Da zarar ƙwallo ta isa hannun babban namu a gindin kwando, mutum biyu za su rufe shi, na uku ya tsaya a hanyar fasin. Da can ba su isa su yi haka ba, domin duk wanda ya bar wancan yaron shi kaɗai a kusurwa ya san maki uku ya bayar kyauta. Da ya tafi sai suka samu sake. Babban zai fitar da ƙwallo ga wanda ba kowa a kansa, shi kuma yaron ya dubi kwando, gabansa ya faɗi, ya mayar masa da ita cikin mutum uku.

Abin da zai ruɗe ka shi ne makin babban bai ragu ba, wani lokacin ma ƙaruwa yake yi. Sai dai jifan da yake yi kafin ya tara makin ya kusa ninkawa. Kafin a shiga kwata ta huɗu za ka gan shi ya duƙa ya kama bakin wandonsa, yana numfashi da baki, ko komawa tsaro ba ya iyawa. A mintunan ƙarshe ake cinye mu kullum. Shi ya ci maki mai yawa, ana tafa masa, mu kuma mu hau danfo mu dawo gida ba mai yi wa wani magana.

Mai Raguna, Alaba Rago:
Ni ban taɓa bugawa ba, ɗan kallo ne, amma na hana idona barci a kan ƙungiyar Milwaukee ta Amurka saboda babban ɗan wasanta Giannis, tunda iyayensa daga nan Legas suka tashi zuwa Girka. Wasa na shida a jerin wasannin ƙarshe na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka, a 2021 ya faɗo daren Babbar Sallah. Mun gama hada-hadar kasuwa, jiki duk ya mutu, amma ƙarfe biyun dare muna zaune gaban talabijin da janareta. Giannis ya ci maki 50, suka doke Phoenix suka ɗauki kofi. Kowa wannan yake tunawa. Ni kuwa wasa na huɗu nake tunawa, lokacin Phoenix na gaba da wasa biyu da ɗaya. Khris Middleton, mai bi wa Giannis a cin maki, shi ne ya ci 40 a daren. Da an rasa wannan wasan da labari ya sha bamban. Kuma a 2019 da Milwaukee ta ba Middleton kwantiragin shekara 5 na kusan dala miliyan 178, na ji masu cewa an yi asarar kuɗi. A 2022 ya ji ciwo a gwiwa a karawarsu da Chicago, Boston ta fitar da su a wasa na bakwai, alhali Giannis na nan da ƙarfinsa. Kyaftin, ka riƙe siririnka.

Ɗan Gwari, Mile 12:
Alhaji Mai Raguna, kai ka fi kowa sanin abin da ke faruwa in an ɗaure manyan raguna biyu a turke ɗaya. Mu mun riƙe namu, mun yi karo-karo har takalmi muka saya masa, kuma shi ne ya wargaza mu. Tunda ya ga an roƙe shi sai kansa ya kumbura. In ɗaya ya ci maki biyu, ɗayan sai ya rama ko da mutum uku ne a gabansa. Ni ne mai raba ƙwallo, duk wanda na ba wa, ɗayan zai harare ni. Ƙungiya ta rabu gida biyu, har wajen shan shayi bayan atisaye kowa da teburinsa. Ko Lakers da suka ci kofi uku a jere daga 2000 zuwa 2002, ai taurarinsu biyu, Shaq da Kobe, ba su iya zama tare ba, a 2004 aka tura Shaq Miami. Sannan Hakeem Olajuwon, ɗan garin nan, wane tauraro ne a gefensa da ya ci kofi a 1994?

Baba na Idi-Araba:
Yaro, ka taɓo zamaninmu. A kaset ɗin bidiyo muka kalli wasannin nan, sai an yi kwanaki da bugawa suke iso mana Ikko, mu taru a ɗaki ɗaya kamar ba mu san sakamako ba. Gaskiyarka, a 1994 Hakeem ya ɗauki Houston a kafaɗarsa. Amma sai da aka kai wasa na bakwai da New York, da kyar da jiɓin goshi. Su kansu masu ƙungiyar ba su yarda za a maimaita haka ba. A Fabrairun 1995 suka ba da Otis Thorpe, ƙaƙƙarfan da ke taya Hakeem kokawa a gindin kwando, suka karɓo Clyde Drexler daga Portland. Da matsayi na shida a yankinsu suka shiga wasannin fitar da gwani, suka ƙare da share Orlando huɗu ba ko ɗaya.

Sai dai ka lura da abu guda. Drexler ya zo ne yana sane da cewa gidan Hakeem ya shigo. Tare suka yi wasa a Jami'ar Houston, sun san halin juna, kuma shi ya riga ya je wasan ƙarshe sau biyu a Portland a matsayin babba bai samu kofi ba. Naku na Mile 12 bai kai nan ba tukuna. Batun Kobe kuma, ka ƙarasa labarin mana: da Shaq ya tafi, Lakers ko wasannin fitar da gwani ba su shiga ba a 2005, kuma bai sake ɗaga kofi ba sai da aka kawo masa Pau Gasol a 2008.

Malamar Wasanni, Surulere:
Baba, barka da dare, Allah ya ƙara girma. Ni 'yan mata nake horarwa a wata sakandare, kuma na sha fama da wannan. Ta biyun ba kasafai take neman a ce ta fi ta farko ba. So take ta san akwai lokacin da ƙwallo tata ce. Abin da na yi, na daina fitar da su hutu tare. Tsakiyar kwata ta farko nake zaunar da ta biyun, in ta farkon ta gaji ta fito sai in mayar da ita, in ce wa sauran: yanzu ita za ku nema. Mintunan nan kaɗan ne, amma a cikinsu take cin yawancin makinta, ta koma benci tana dariya. Kuma harin farko bayan hutun rabin lokaci nata ne ko da yaushe, kowa ya sani. Amfanin da ban zata ba shi ne ta farkon ta samu hutu na gaske, ba ta zaune tana kallon tazarar da ta tara tana narkewa. Ranar da ta farkon ta yi targaɗe ana tsakiyar gasa, ba mu rikice ba, domin yaran sun saba wasa ba ita.

Ɗan Acaɓa Mai Ritaya:
Tunda Kyaftin ya ambaci asusu: Oklahoma ma lissafin kuɗi suka yi a Oktoban 2012 suka tura James Harden Houston, watanni kaɗan bayan sun buga wasan ƙarshe da Miami. Shi ma na uku ne a lokacin, bayan Durant da Westbrook. Ba su sake ganin wasan ƙarshe ba sai 2025. Kuɗin mota daga Agege nawa ne? Ka kawo lambar asusu, ni zan fara sa nawa.

Kyaftin na Agege:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Na same shi jiya a shagon ɗinkinsa muka zauna. Ashe kuɗin motar ma ba shi ne a gaba ba. Ya ce duk ranar da ya yi jifa ta kuskure, dogon sai ya daka masa tsawa a gaban 'yan kallo, amma in shi ya ɓarar ba mai cewa uffan. Ya yarda zai zo atisayen Asabar, bai ce ya fasa tafiya ba. Malama, tsarin hutun nan zan gwada shi. Saura dogon, wanda ya girme ni, kuma shi ya kawo ni ƙungiyar. Baba, in ba damuwa ko za ka leƙo ranar ka yi masa magana? Ni in na faɗa zai ce raini ne.

Baba na Idi-Araba:
Zan zo in Allah ya yarda, bayan la'asar. Amma kada ka gaya masa don shi na zo. Kuma ku samo mini kujera, ƙafafun nan ba sa son tsayuwa.