Tura mutum duniyar Mars: ilimi ne ko ɓarnar dukiya?

Injiniya: Assalamu alaikum jama'a. Ni fa maganar da na yi jiya ina nan a kanta, tura ɗan Adam duniyar Mars ɓarnar dukiya ce, duk abin da ake nema a can na'ura za ta iya nemo shi. Ku dubi Opportunity kawai, 'yar motar binciken nan da NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, ta sauke a Mars a Janairun 2004, kwana 90 aka yanka mata amma sai da ta kai 2018 tana aiki kafin guguwar ƙura ta tare mata rana ta mutu. Shekara 14 ba ci ba sha, ba iyalin da ke zaman jiran dawowarta. Kumbon Voyager 1 marar mutum kuma tun 1977 aka harba shi har yau yana aiko saƙo. Wane mutum ne zai yi wannan?

Auta: Wa'alaikumussalam Yaya. To amma a shekara 14 ɗin nan tafiyar nawa ta yi? Kilomita 45 ne fa duka duka. Mutum biyu na Apollo 17, tafiyar ƙarshe a shirin Amurka na kai mutum wata, kuwa a Disambar 1972 kwana uku kacal suka yi a kan wata, suka zaga wajen kilomita 35 da motarsu suka kwaso duwatsu kilo 110. Abin da na'ura ta yi shekaru tana rarrafe a kai su a kwana uku suka kusa cimma shi

Malamin Fizik: Auta ya taɓo wuri mai kyau. A waccan tafiyar akwai Harrison Schmitt, shi masanin duwatsu ne da ma, ba direban jirgi ba. Suna cikin aiki a bakin wani rami ya hango ƙasa mai launin ruwan lemo a ƙarƙashin ƙafarsa, ba ta cikin jadawalin abin da aka tura su nema, idonsa ne ya kama ya tsaya ya tona. Da aka kawo ta gida sai aka tarar ƙananan ƙwayoyin gilas ne na aman wutar dutse mai daɗaɗɗen tarihi, kuma bayan shekara talatin da wani abu aka gano ɗigon ruwa a cikin irin waɗannan ƙwayoyin. Na'ura abin da aka ce ta duba shi take dubawa. Shi kansa Steve Squyres, shugaban masu binciken Opportunity ɗin da Injiniya ke yabo, ya faɗi cewa yawancin aikin da motar ke yi a yini guda mutum zai gama shi cikin ƙasa da minti ɗaya.

Injiniya: Malam ban musa sauri ba, Allah ya ƙara girma. Kuɗin nake magana. Apollo ya ci wajen dala biliyan 25 na wancan zamanin, a 1966 sama da kashi 4 cikin ɗari na kasafin gwamnatin Amurka gaba ɗaya NASA ke tafiya da shi, kuma kowa ya san ba don dutse aka yi ba, don a kunyata Tarayyar Sobiyet aka yi. Shi ya sa suna cin gasar aka rufe shirin, tun 1972 ba wanda ya sake taka wata. Su Sobiyet ɗin da na'ura suka ɗebo ƙasar wata har sau uku, Chana ma ta ɗebo a 2020, a 2024 ta sake ɗebowa daga bayan wata inda ba wanda ya taɓa ɗebowa, ba ran kowa a ciki

Auta: Yaya ka faɗi nawa suka ɗebo mana. Na Sobiyet duka ukun giram ɗari uku da 'yan kai ne, bai cika gwangwanin madara biyu ba. Na Chana kowanne bai kai kilo biyu ba. Apollo kilo 382, kuma zaɓaɓɓu ne da hannu, ba duk abin da cokali ya ci karo da shi ba

Anti Nas: Ku dai kuna ta lissafin kilo da dala, ni jikin mutum nake tunani don shi nake gani kullum a wurin aiki. Wanda ke zaune a tashar sararin samaniya inda babu nauyi, ƙashinsa na raguwa kamar kashi 1 cikin ɗari duk wata, duk da motsa jikin da suke yi wajen awa biyu kullum. Tsoka na zubewa, wasu idonsu ma na canjawa. Tashar nan kuma kilomita 400 ne kawai a samanmu, in ciwo ya tashi cikin sa'o'i an sauko da mutum. Mars fa? Zuwa kaɗai wata shida zuwa tara, sannan dole ka zauna jiran duniyoyin biyu su sake daidaita kafin ka juyo, a taƙaice shekara biyu zuwa uku kana shan tururin rana da na sararin samaniya mai jawo ciwon daji. In tiyata ta kama a hanya wa zai yi? Kuma kada a manta kumbon Challenger da ya tarwatse a 1986 mutum bakwai suka mutu, kumbon Columbia a 2003 shi ma mutum bakwai, cikinsu har da malamar makaranta a na farkon. Duk suna da iyali da 'yan uwa wallahi.

Auta: Anti gaskiya ne amma ai ba wanda aka ɗaure aka saka a kumbo, su suka nema, dubbai ke cike takarda a ɗauki 'yan kaɗan

Anti Nas: Yarda ba ta sa abu ya zama daidai Auta. Marar lafiya ma yakan ce a yi masa aikin da likita ya san ba zai tashi ba, kuma likitan kirki ba ya yi.

Alhaji: Ni duk ban ga na zaɓa ba tsakanin mutum da na'urar. Ana fama da yunwa da yaƙi da rashin ruwan sha a doron ƙasa, a ce wai an kwashi biliyoyi an watsa sama? Wanda bai gyara ɗakinsa ba me ya kai shi share kasuwa

Malamin Fizik: Alhaji da girmanka, kuɗin bai kai yadda ake zato ba. Kasafin NASA yanzu wajen dala biliyan 25 ne a shekara, bai kai rabin kashi ɗaya cikin ɗari na abin da gwamnatinsu ke kashewa ba, na sojansu ya ninka shi fiye da sau talatin. In yunwa ake so a kashe da kuɗin Amurka ga inda kuɗin yake can. Kuma ba a sama ake zubar da su ba, albashin ma'aikata ne da masana'antu a ƙasa. Indiya ta kai kumbo ya zagaya Mars a 2014 da wajen dala miliyan 74 kawai, a Agustan 2023 ta sauke kumbonta Chandrayaan-3 kusa da ƙuryar kudancin wata. Hasashen damina da taswirar da direbobin kayanka ke bi a waya duk taurarin ɗan Adam ne ke ba da su.

Alhaji: To Malam ai ka dawo gidan Injiniya ke nan, duk abin da ka lissafa mai amfani ba mutum a cikinsa, ƙarfe ne

Injiniya: Allah ya saka da alheri Alhaji, abin da nake ta faɗa ke nan. Tashar sararin samaniya ta ƙasa da ƙasa ta ci sama da dala biliyan 100, tun shekarar 2000 akwai mutane a ciki ba yankewa, kuma babban abin da aka koya a can shi ne yadda za a raya mutum a can. Motar Curiosity da ke yawo a Mars tun 2012 biliyan biyu da rabi ce. Da kuɗin tashar nan arba'in irinta za a yi.

Auta: To bari in kawo muku na'urar InSight. An sauke ta a Mars a 2018 da wani abin haƙa da aka so ya nutse mita biyar ya auna zafin cikin ƙasa, shekara biyu injiniyoyi na fama daga nan duniya, ko rabin mita bai shiga ba aka haƙura. Ƙarshenta ma ƙura ce ta rufe farantan solarta ta mutu a 2022. Yaya don Allah, mai haƙar rijiya ɗaya da diga da yaro ɗaya da tsintsiya da sun ceci aikin nan. Motar Spirit ma a yashin Mars ta maƙale a 2009 ba mai tura ta. Ga Hubble, na'urar hangen taurari, an harba ta 1990 da madubi mai aibi, hotunan duk dishi-dishi, 'yan sama jannati ne suka je 1993 suka gyara da hannu, sau biyar ana zuwa mata. Sannan saƙo tsakaninmu da Mars yakan ɗauki minti 3 har zuwa 22 kafin ya isa, ka ce wa mota tsaya sai bayan ta faɗa rami ta ji ka

Injiniya: Na karɓi ta InSight, ta yi min ciwo ni ma. Amma mai tsintsiyar nan sai ka kai masa iska da ruwa da abinci na shekara uku da gidan da zai kare shi da rokar da za ta dawo da shi, kuɗin tsintsiyarsa ya sayi InSight ɗari. In na'ura ta mutu sai a ƙera wata, ba zaman makoki. Na'urar hangen taurari ta James Webb tana can nisan kilomita miliyan ɗaya da rabi, ba mai zuwa gyara ta, kuma tana aiki lafiya lau. Maganar jinkirin saƙo kuma motar Perseverance da ke Mars da kanta take zaɓar hanya tana kauce wa duwatsu, kullum na'urorin wayo suke ƙarawa, jikin mutum kuwa yana nan yadda Allah ya halicce shi.

Malamin Fizik: Akwai abu ɗaya da ya fi damuna wanda ba ku taɓo ba, kuma shi ya sa a kan Mars na fi karkata wajen Injiniya duk da son da nake wa tafiyar mutum. Babbar tambayar da ake nema a can ita ce ko an taɓa yin wani abu mai rai, ko da ƙwayar halitta ce da ido ba ya gani. Na'ura kafin a harba ta ana wanke ta ana gasa sassanta a ɗaki na musamman don kada ta ɗauki ƙwayoyinmu. Mutum ba ya gasuwa. Kowannenmu yana yawo da tiriliyoyin ƙwayoyin cuta a fata da hanji, numfashinsa da bayan gidansa da rigarsa duk za su zuba a wurin. Ranar da aka tono wani abu mai rai bayan mutum ya sauka, ta yaya za a rantse ba mu muka kai shi ba? Rijiyar da za ka auna ruwanta ba ka fara wanka a ciki.

Auta: Malam wannan ta shige ni gaskiya. Amma in wani dutse ya faɗo wa duniya irin wanda ya ƙarar da manyan dabbobin da fa, ba gara a ce muna da wani wurin ba?

Injiniya: Wane wuri Auta, iskar Mars kashi 95 cikin ɗari hayaƙin kabon ne, kaurinta bai kai kashi ɗaya cikin ɗari na tamu ba, sanyi kan kai 60 ƙasa da sifili a matsakaici. Tsakiyar Sahara aljanna ce a kanta. Maganin dutse kuma an gwada, a Satumban 2022 kumbon DART ya daki wani dutsen sararin samaniya mai suna Dimorphos da gangan ya rage masa lokacin zagayensa da wajen rabin awa. Shi ma ba mutum a ciki

Malamin Fizik: Sai dai kada mu raina abin da Auta ke ji a ransa. Ina firamare a 1969 muka kewaye rediyon mahaifina ana cewa mutum ya taka wata, dattawa na ta musu wasu na cewa ƙarya ce, ni kuwa daren nan ban yi barci ba ina leƙen sama. Abin da ya kai ni karatun kimiyya ke nan har na koyar shekara talatin da biyar. Sobiyet sun sauke mota marar direba a wata a 1970, ban ji yaro ko ɗaya a unguwarmu ya yi zancenta ba. Ni a ganina a ci gaba da tura mutum wata, tafiyar kwana uku ce, in an samu matsala ana iya juyowa kamar yadda aka dawo da mutanen Apollo 13 da ransu. Mars a bar wa na'ura tukuna.

Auta: To ai aikin na'urar ma ya cije Malam. Perseverance tun 2021 take tara samfurin duwatsu a bututu a ramin Jezero, da aka yi lissafin kuɗin ɗauko su da na'ura aka ga zai iya kai dala biliyan 11, NASA da kanta ta ce ya yi yawa. Ina arhar take Yaya?

Injiniya: Biliyan 11 ɗin da kake gani da yawa, mai binciken kuɗi na NASA ya ce harbi ɗaya na rokar Artemis da kumbonta biliyan 4.1 ne, kuma duniyar wata kawai za ta. Harbi uku ya biya kuɗin ɗauko duwatsun Jezero har da canji. Malam ko watan ma da ka ce, ni sai an nuna min aikin da mutum zai yi a can wanda ya kai wannan kuɗin.

Anti Nas: Ni kuma sai an nuna min yadda za a yi wa mutum tiyata a inda jini ba ya kwanciya wuri ɗaya, yawo yake a iska. Na tafi aikin dare, in na fito da safe zan karanta abin da kuka ce.