Muhawara: Da gaske Farabi da Ibn Rushd sun ce duk addinai ɗaya ne?

Ɗan Tsangaya: Assalamu alaikum. Ana ta yaɗa cewa masana falsafar Musulmi na da sun ce addinai duk ɗaya ne, kowa ya bi nasa ya tsira. Wa ya faɗa, a wane littafi?

Malamin Manɗiƙi: Wa alaikumus salam. Magana biyu ake cakuɗawa. Kindi, a littafin da ya rubuta wa Halifa Mu'utasim, ya ce kada mu ji kunyar karɓar gaskiya ko daga wace al'umma ta fito. Ibn Rushd, wanda ya rasu a 1198, ya buga misali da wuƙar yanka a littafinsa Faslul Maƙal: ba a tambayar addinin mai ita, in dai ta cika sharaɗi yanka ya halatta. Manɗiƙin Girkawa, wato iliminsu na tsara hujja, shi ne wuƙar. Aron kayan aiki daban, daidaita addinai daban.

Malama: Allah gafarta Malam, ka tsallake Farabi, kuma wurinsa maganar take. A littafinsa Madinatul Fadila ya ce gaskiya ɗaya ce. Masu hujjar burhani, wato tabbatacciyar hujjar hankali, suna saninta yadda take, sauran jama'a kuwa ana misalta musu ita da abin da suka saba gani, kuma kowace al'umma da nata misalan. Saboda haka, in ji shi, ana iya samun garuruwa nagari masu addinai mabambanta, duk suna nufin sa'ada guda. Malaminsa na manɗiƙi ma, Yuhanna ibn Hailan, Kirista ne.

Malamin Manɗiƙi: Gaskiyarki, Malama, amma ki ƙarasa. Shi ne dai ya ce wasu misalan sun fi kusa da haƙiƙa, wasu sun yi nisa, kuma ya lissafa garuruwan jahilci da na ɓata. Wanda ya fifita wani kan wani bai ce ɗaya ba ne.

Ɗan Tsangaya: To ai kan wannan Gazali ya kafirta masana falsafa.

Malama: Mu bi a hankali, ɗan'uwa. Mas'ala 20 ya tattauna a littafinsa Tahafut, uku ya kafirta a kansu: cewa duniya ba ta da farko, cewa Allah bai san ɗaiɗaikun abubuwa ba, da musun tashin jiki ran ƙiyama. Sauran 17 bidi'a ya kira su.

Malamin Manɗiƙi: Sai dai Ɗan Tsangaya yana da hujja a ta ukun. Abin da ya fusata Gazali shi ne a ce Aljanna da Wuta misalai ne aka yi wa jama'a, don a wurinsa wannan ƙaryata annabawa ne.

Malama: Na karɓa. Amma shi Gazalin, a littafinsa Faisalut Tafriƙa, ya kasa Rumawa da Turkawan zamaninsa uku. Wanda sunan Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, bai taɓa isa kunnensa ba, yana da uzuri. Wanda ya ji, ya san mu'ujizoji, ya juya baya, ba shi da shi. Wanda tun yana yaro ɓatanci kawai aka faɗa masa, ya haɗa shi da na farko. Uzuri ya ba mutanen, bai inganta addininsu ba.