Manhajata ta ce 15 ba ta rabuwa, ina kuskuren yake?

Assalamu alaikum 'yan'uwa. Wata biyu ke nan da fara koyon Python, yaren rubuta manhajar kwamfuta, kuma na maƙale a wani wuri.

Ina gwada hasashen masanin lissafi Goldbach ne, wanda ya samo asali daga wasiƙarsa ga wani masanin lissafin, Euler, a 1742: duk lambar da ta haura 2 kuma take rabuwa biyu daidai, jimillar lambobi biyu ce marasa rabuwa, wato waɗanda babu mai raba su sai 1 da su kansu. Misali 18 = 5 + 13. Na san har yau ba a tabbatar da shi ba, burina kawai in gani da idona.

Da farko ina raba kowace lamba da duk na ƙasanta. Amsa na fita daidai, amma ana haura dubu ɗari sai kwamfutar ta koma tafiyar hawainiya. Sai na karanta cewa tsayawa a tushen lambar (square root) ya wadatar, na rubuta range(2, int(n**0.5)). Sauri kam ya samu. Amma yanzu tana ba ni 18 = 3 + 15, da 28 = 3 + 25. Ta ɗauki 9, 15, 25, 35 da 49 duk a matsayin marasa rabuwa, alhali 21 da 27 ta gane su. Wannan bambancin ne ya fi ɗaure mini kai, kwana uku ina bin layukan ɗaya bayan ɗaya.

Don Allah me na tsallake? Sannan in ina son kaiwa miliyan goma, in koma rariyar Eratosthenes ne, wato hanyar tace lambobi marasa rabuwa daga jerin lambobi? Ku yi mini bayanin dalili, don so nake in fahimta.